Ƙarfe Ɗaya da Minti Goma

Ranar Litinin da safe aka gano cewa sakamakon jarrabawar ɗalibai ɗari biyu da goma sha huɗu ya ɓace daga Kwalejin Kiwon Lafiya ta Maiturare, kafin azahar kuma mutanen Daura sun gama yanke hukunci. Ba a ɓalle ƙofa ba, ba a ɗauki ko allura ba. Babbar kwamfutar da makarantar ke zuba komai a cikinta, wadda ma'aikata ke kira saba, tana nan a kusurwar ofis tana gurnaninta na kullum. Makin 'yan ajin ƙarshe ne kawai babu, shi da kwafin da aka adana domin irin wannan rana, wanda don tsabar hikima aka adana a cikin sabar ita kanta.

Mai shayin bakin ƙofa ya ce aljanu ne. 'Yan acaɓa suka ce 'yan damfarar intanet ne daga ƙasar waje. Ma'aikatan kwalejin kuwa, da yake masu ilimi ne, ba su tsaya zato ba, suka ɗora wa Malama Rabi'atu. Ita ce mai shigar da maki a kwamfuta. An ga makin da hantsin Juma'a, ginin kuma a kulle yake Asabar da Lahadi. Kowa ya san idan maza sun tafi masallaci ita ake bari a ofis. Ba wanda ya iya faɗin abin da za ta ƙaru da shi in ta goge aikin da ta yi wata biyu tana bugawa da yatsunta, amma ba a ga amfanin tsayawa a kan wannan tambaya ba.

Alhaji Maiturare, mai makarantar, ya yi arziki ne da turare, ya buɗe kwaleji saboda ya gaji da a kira shi ɗan kasuwa. Ya dakatar da Rabi'atu nan take. Ya ce in har ranar Alhamis ba a kawo masa wani mai laifin ba, zai miƙa ta ga 'yan sanda, kuma ita da aikin sun rabu. Daga nan ya aika a kira masa Uwaisu.

Uwaisu shi ne mai riƙe da makullin ofis, mai kaɗe ƙurar kwamfutoci, mai tayar da janareta. Shekararsa hamsin da uku, gwiwarsa ta dama kuma ta girme shi da kamar ashirin.

"An ce kana bin sawu," in ji Alhaji.

"A da ne, ranka ya daɗe. Kuma na shanu."

"Shekara nawa ka yi kana yi?"

"Goma sha tara, tsakanin Baure da bakin iyaka."

"To wannan ma ɓata ce. Ka bi. Ai har ajin kwamfutar nan na sa ka."

Uwaisu ya ce to. Ya daɗe da gane cewa a gaban mai makaranta, to ita ce amsar da ta fi saurin kai mutum inuwa.

*

Ajin da Alhaji yake nufi an yi shi ne bara. Ya ɗauko wani malami daga Katsina ya yi mako huɗu yana koyar da yadda ake sa saba ta yi wa kanta aiki. Mutum ya jera umarni layi-layi a cikin fayil, abin da malamin ke kira sikirif, ya sa masa lokaci a jadawalin na'urar, shi ke nan ya tafi harkarsa. Idan lokacin ya yi, na'ura za ta aikata ko da kowa ko ba kowa.

Kujera huɗu ce a ajin, aka raba ta bisa girma. Ɗaya ta Malam Misbahu, mataimakin magatakarda. Ɗaya ta Malam Kalilu, jami'in jarrabawa. Ɗaya ta Yazid, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda aka ba muƙamin daraktan kwamfuta saboda yana da waya mai tsada. Rabi'atu, da take yini a gaban na'urar, matsayinta bai kai ba. Ta huɗun ta faɗo wa Uwaisu ne saboda dole ya jira a tashi ya kulle ƙofa, kuma an ga gara ya jira a zaune. A mako na huɗu aka daina kawo shinkafa da kaza, manyan suka tuna suna da uzuri, malamin ya ƙarasa karatun da Uwaisu shi kaɗai.

Saboda haka da ya fito daga wurin Alhaji, mutum na farko da ya zarga shi ne kansa. Yana da sikirif guda ɗaya a duniya, mai layi shida, wanda ya rubuta domin ya riƙa share tarkacen fayiloli kowace safiya. Wata biyar ke nan yana ba abokan hirarsa labarinsa a majalisa. Ya zauna a gaban baƙin allon sabar da ake buga wa umarni, ya buɗe shi, ya bi shi da yatsa kamar mai duba ƙwarƙwata. Idan ya nuna wa umarnin sharewa gurbin da ba shi ba, to shi ne ɓarawon, kuma zai kai kansa ga Alhaji da ƙafarsa mai ciwo.

Bai nuna ba. Abin da ya gano ya fi haka sauƙi. Ya manta bai ba sikirif ɗin izinin tashi ba tun ranar da ya rubuta shi. Wata biyar bai share ko fayil ɗaya ba. Uwaisu ya daɗe yana kallon allon, bai tantance ko hamdala ya kamata ya yi ko kunya ba, sai ya yi duka biyun a taƙaice ya tashi.

*

Gidan su Rabi'atu yana cikin gari, a wani lungu da babur ke shiga da kyar. Ta fito zaure da hijabi, ta shimfiɗa masa tabarma, ta zauna a bakin ƙofar ciki. Idanunta sun nuna ta yi kukan ta gama, yanzu gajiya ce ta rage.

"Baba Uwaisu, kai aka turo ka kama ni?"

"Da wace ƙafar? Tambaya na zo yi. Wa ya san kalmar sirrinki?"

"Ka ce wa bai sani ba. Sunan 'yata ne, Khairunnisa. Lokacin da na yi jinyar Iya, Malam Misbahu ya sa na rubuta ta a takarda aka liƙa a ƙarƙashin tebur, wai kada aiki ya tsaya."

"Ba ki canza ba?"

"Na canza sau ɗaya. Yazid ya ce na raina shi."

"Ranar Juma'a me kika yi bayan mun tafi?"

"Abin da nake yi kullum. Na ba Khairu abinci, na yi azahar, na zauna ina jiran ku dawo." Ta rage murya ko da yake ba kowa a zauren sai su. "Don Allah kada maganar ɗauko yarinyar nan ta fito. Laifi ɗaya ya ishe ni."

Uwaisu ya san abin da take nufi, domin shi ma yana ciki. A allon sanarwa na ofis akwai takarda mai hatimi da ta ce ranar Juma'a maza za su tashi sallah ƙarfe ɗaya, mata kuma ba za su bar wurin aiki ba. Malam Misbahu ne ya rubuta ta, shi ne kuma mai duba zuwa da tashin ma'aikata. Amma makarantar su Khairunnisa tana tashi sha biyu da rabi ranar Juma'a, ba kuma mai ɗauko ta. Shi ya sa shekara biyu ke nan, da zarar ɗaya saura kwata ta yi, Rabi'atu takan sulale ta hau acaɓa. Kalilu da Yazid da Uwaisu su zauna su tsare ofis, ta dawo da yarinyar ɗaya da rabi, sannan su uku su shiga motar Yazid su nufi babban masallaci, inda ake tayar da sallah ƙarfe biyu. Ba wanda ya taɓa kai maganar sama.

"Ba zan fitar ba sai dole," ya ce.

"Dolen nan ita nake tsoro."

*

Ranar Talata ya bi sawun da kowa ke nuna masa in an gaji da ambaton Rabi'atu. Muhsin ne ya kafa sabar shekara huɗu da suka wuce, ya bar aikin da faɗa ranar da aka ɗora Yazid a kansa. Yanzu yana da rumfar gyaran waya a tashar Zango. Uwaisu ya same shi ya duƙufa a kan wata waya da aka ce ta faɗa cikin kunu.

"Sarkin Sawu da kansa. An ce shanun Alhaji sun ɓace."

"An ce kai ka kora su ta intanet."

Muhsin ya yi dariya ba tare da ya ɗago ba. "Wace intanet? Tun watan da na tafi aka yanke layin, Darakta bai san inda ake maido shi ba. Sabar nan ba ta magana da kowa sai kwamfutocin cikin ofis. Ko ni, ko Bature, sai mun shigo ta ƙofa mun gaishe ka."

"Amma kana jin haushinsu."

"Ina ji mana. In da zan yi musu ɓarna, takardar kama aikin Yazid zan goge, in yi wa ɗalibai alheri. Ranar Juma'a ma ina Kano sayo kaya, tambayi direban can mai jar hula, tare muka je muka dawo."

Uwaisu ya tambayi mai jar hula. Ya tabbatar, ya ƙara da labarin tayar da ta fashe musu a Kazaure, wanda ba a tambaye shi ba.

Da ya koma makaranta ya leƙa ofishin Malam Kalilu, mutumin da ɗalibai ke canza hanya in sun hango shi.

"An ce ba kwa shiri da Rabi'atu."

"Ba ma shiri. Tana gyara mini lissafi a gaban mutane, kuma mafi yawan lokuta ita ke da gaskiya, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Sai in goge aikin shekara guda saboda haka? Wa zai sake haɗa shi in ba ni ba?"

"Da me za a sake haɗawa?"

"Da takardun makin da malamai suka rubuta da hannu. Jiya Misbahu ya kwashe su ya kulle a durowarsa, ya ce kada su ma su yi ƙafa."

Malam Misbahu kuwa tarbarsa ya yi da dabino. Mutum ne mai sanyin murya, farar rigarsa ba ta taɓa sanin datti ba, ba a taɓa jin ya ɗaga wa ko masinja harshe ba.

"Malam Uwaisu, abin nan ya dame ni ƙwarai. Yarinya ce mai ƙoƙari. Ni ina ganin kuskure ne, hannu ya zame mata, tsoro ya hana ta faɗa. Na roƙi Alhaji a bar maganar 'yan sanda, a sallame ta kawai cikin mutunci."

Uwaisu ya ci dabino uku, ya yi godiya. A ofis ɗin gaba ya tarar da Yazid yana kallon ƙwallo a waya. Ya tambaye shi ko ya taɓa rubuta sikirif tun bayan ajin. Yazid ya ce, "Wane aji?"

*

Ranar Laraba ya daina tambayar mutane. A makon ƙarshe na ajin, wanda ba shinkafa, malamin Katsina ya nuna masa cewa saba tana da rajista da take rubuta wa kanta: wane ne ya shiga, ƙarfe nawa, me jadawali ya tayar. Ba ta barci, ba ta jin kunyar kowa. Matsalar ita ce ba ta san abin da ya kamata a bari ba. Da Uwaisu ya buɗe rajistar ya ga layi ya haura dubu tamanin, duk da ƙananan haruffan Turanci. Ya taɓa bin garke a kan hanyar da kasuwar Mai'aduwa ta tattake, bai ga cinkoso irin wannan ba.

Ya ɗauko takardun ajin, waɗanda man gyaɗa ya riga ya ɗiga wa shafi biyu, ya fara rubuta sikirif na biyu a rayuwarsa. Abin da yake so kaɗan ne: na'ura ta tace rajistar, ta fito masa da layin da ke ɗauke da sunan Rabi'atu kawai, daga Litinin ɗin makon jiya zuwa Juma'a. Karo na farko ta ce ba ta san umarnin ba. Karo na biyu ta zubo masa dubu tamanin ɗin gaba ɗaya, suna gudu a allo kamar ruwan kwata. Karo na uku wuta ta ɗauke, ya sauka ya tayar da janareta, ya hawo yana tsine wa matakala ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon bai manta da izinin tashi ba. Sai bayan la'asar ta ba shi layi arba'in da ɗaya.

Talatin da tara shiga da fita ne na aikin yau da kullum. Biyu suka rage. Ranar Larabar makon jiya, biyar saura minti takwas na yamma, an shiga da sunan Rabi'atu an ƙara aiki a jadawali. Rabi'atu kuwa ƙarfe huɗu take tashi. Ranar Juma'a, ƙarfe ɗaya da minti goma da daƙiƙa ɗaya, jadawalin ya tayar da aikin. Sikirif ɗin ya share makin, ya share kwafin, ya share kansa.

Uwaisu ya jingina da kujera. Ƙarfe ɗaya da minti goma na ranar Juma'a yana nan zaune a kan bencin nan yana yanke farce, taku huɗu daga sabar. Kalilu yana karanta jarida, Yazid yana duba agogo yana mita. A gabansu aka kore shanun, su uku, da rana tsaka. Rabi'atu kuwa tana kan acaɓa a wani wuri tsakanin nan da makarantar firamare.

Ba hannu ba ne, jadawali ne, don haka ɗaya ne daga cikin waɗanda suka zauna ajin. Wannan bai isa ba. Ya sake kallon lokacin. Wanda ya yi aikin ya ari sunanta ne domin a ce ita ce, ya kuma zaɓi lokacin da yake ganin ita kaɗai ce a ginin. A shekarunsa na daji ya sha ganin ɓarayi sun shimfiɗa sawun ƙarya, kuma sawun ƙarya yakan faɗi abin da ɓarawo ya sani game da ƙasar. Akwai waɗanda suka taɓa jan sawu zuwa wata rijiya a gabashin Baure domin a ce makiyayan wurin ne. Rijiyar ta ƙafe shekara biyu kafin nan, makiyayan sun tashi. Ranar ya san baƙi yake nema.

Wannan ma baƙo ne. Baƙon ƙarfe ɗayan ranar Juma'a.

*

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a ofishin Alhaji, inda ƙamshin turare ke sa baƙo atishawa. Misbahu da Kalilu suna kan kujerun gaba, Yazid a jikin taga. Rabi'atu tana tsaye kusa da ƙofa, ba wanda ya ce ta zauna. Uwaisu ya yaga takarda gida uku ya raba wa mazan.

"Jarrabawa za ka yi mana?" in ji Kalilu.

"Tambaya ɗaya ce, Malam, ba a faɗuwa. Kowa ya rubuta ƙarfe nawa ake barin Malama Rabi'atu ita kaɗai a ofis ranar Juma'a. Kada a leƙa ta wani."

Suka rubuta. Yazid ya ari biro. Uwaisu ya tattara ya miƙa wa Alhaji, ya ce ya karanta da kansa.

"Kalilu, ɗaya da rabi. Yazid, ɗaya da rabi, wani lokaci har da minti biyar in ta makara." Alhaji ya ɗago. "In wa ta makara? Daga ina?"

Rabi'atu ta dubi Uwaisu. Ya kawar da kai.

"Daga ɗauko 'yarta a makaranta, ranka ya daɗe. Takan fita ɗaya saura kwata, mu tsare ofis, ta dawo mu tafi. Shekara biyu ke nan. Karanta ta ukun."

"Misbahu, ƙarfe ɗaya daidai."

"Haka doka ta ce," in ji Malam Misbahu a hankali. "Ni na rubuta ta."

"Kai ka rubuta, Malam, amma ba ka taɓa ganin yadda ake bin ta ba. Kai masallacin unguwarku kake zuwa, na bayan gari, inda ake sallah ƙarfe ɗaya. Sha biyu da kwata ka fita. Rabonka da ganin ofishin nan da ƙarfe ɗayan Juma'a tun kafin a yi masa fenti."

Sannan ya ajiye wa Alhaji layin nan biyu da ya kwafa a takarda, ya yi bayani da kalmomin da mai sayar da turare zai gane. An ɗana aikin tun Laraba da yamma, bayan Rabi'atu ta tashi. An sa ya tashi Juma'a ɗaya da minti goma. Mutum huɗu ne a makarantar suka koyi ɗana irin wannan. Uku daga cikinsu sun san cewa a wannan lokaci ita ce kaɗai ba ta nan, kuma su ne a zaune. Ba wanda zai haƙa wa mutum rami a inda ya san ba ya bi, shi kuma yana tsaye a bakin ramin.

"Kawu, ni ko buɗe baƙin allon ban iya ba," in ji Yazid. Wannan ne karo na farko da aka ji ya faɗi gaskiya game da aikinsa, kuma ba wanda ya musa.

"Wannan ai zato ne," in ji Misbahu. Muryarsa ba ta canza ba. "Don mutum ya yarda ana bin doka sai ya zama mai laifi? Me zan samu?"

Uwaisu ya ce wannan ba fanninsa ba ne. Sawu yake bi, ba zuciya ba. Kalilu ne ya gyara zama. Ya daɗe yana kallon Misbahu kamar yadda yake kallon ɗalibin da ya cika zuwa banɗaki a ɗakin jarrabawa.

"Alhaji, a kawo takardun malamai da ke durowarsa. A duba ta ɗansa, Ya'u Misbahu, darasin haɗa magunguna. Talatin da ɗaya ya ci. Karo na uku ke nan, kuma wanda ya faɗi sau uku korarsa ake yi. Ni ba na manta makin wanda ya faɗi, shi ne ɗan abin da nake morewa a aikin nan."

Aka aiki Yazid da makulli. Takardar ta zo, fara sol a cikin 'yan'uwanta da suka sha hannu. A gaban sunan Ya'u an rubuta sittin da ɗaya. Sa hannun malamin darasin yana ƙasa, ya yi kyau fiye da yadda malamin ya taɓa yin sa.

Malam Misbahu ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce an riga an sa ranar auren yaron, an gaya wa surukai ya gama. Ya ce da ya canza maki ɗaya a sabar, Kalilu zai gani, shi ya sa ya ga gara a sake shigar da komai daga takarda. Ya ce bai taɓa nufin a kai ta ga 'yan sanda ba, sallama kawai, kuma da ya nema mata wani aikin. Ya faɗi wannan yana kallon Alhaji, ba ita ba.

*

Ba a kira 'yan sanda ba. 'Yan sanda na ƙananan ma'aikata ne, Malam Misbahu kuwa matarsa da uwargidan Alhaji 'yan ɗaki ɗaya ne. Aka sanar cewa ya ajiye aiki saboda hawan jini. Aka maido Rabi'atu bakin aikinta da safiyar Litinin, aka tara mata takardun mutum ɗari biyu da goma sha huɗu ta sake bugawa cikin mako biyu. A saman tarin akwai wasiƙar gargaɗi saboda barin wurin aiki ba izini har tsawon shekara biyu. Ta karanta, ta ninke, ta sa a jaka. Ta ce wa Uwaisu, "Na gode, Baba," da irin muryar da ake gode wa mai cire haƙori.

Da yammacin ranar Misbahu ya zo kwashe kayansa. Uwaisu ne ya buɗe masa ofis, ya tsaya yana jira ya kulle. Littattafai ne, da darduma, da gwangwanin dabino. Ya ɗaure su a bayan babur, ya hau, bai tayar ba.

"Malam Uwaisu, in tambaye ka mana."

"Ina ji."

"Da ƙarfe biyu na sa fa?"

Uwaisu ya yi tunanin ya ce da ma zai gano ta wata hanya. Ya duba, bai ga hanyar ba.

"Da yanzu tana hannun 'yan sanda," ya ce. "Kuma da ni zan kai musu takardar."

Misbahu ya jinjina kai, kamar wanda aka nuna wa inda ya kuskure a lissafi. Ya tayar da babur ya tafi. Uwaisu ya tsaya da makulli a hannu har ƙarar ta ɓace. Ta tagar ofis ana jin Rabi'atu tana bugawa, ta wuce lokacin tashinta da awa guda, tana kan mutum na goma sha tara.